Yadda Za Ka Koyar da Tsarin Jikin Dabba da Ragon Layya

A makarantun Amurka da yawa, ɗalibin ilimin halittu yakan shiga aji ya tarar an ajiye masa tayin alade a faranti, da almakashi da 'yar wuƙa, a ce ya buɗe ya gani da idonsa. Daga mayanka ake samo waɗannan 'yan tayi, a jiƙa su a maganin hana ruɓewa, a sayar wa makarantu. Sun zaɓi alade ne saboda kayan cikinsa sun yi kusa da na mutum a tsari, har ma a watan Janairun 2022 likitoci a Jami'ar Maryland suka dasa wa wani majiyyaci zuciyar aladen da aka gyara ƙwayoyin halittarsa, ya rayu da ita wata biyu.

Mu Musulmi alade ba abin taɓawarmu ba ne, kuma makarantunmu da yawa ko ɓera ko zomon da ya kamata a feɗe ba sa samu. Na yi shekaru ina zana zuciya a allo da alli, yara suna kwafa, su ci jarrabawa, amma idan ka miƙa musu zuciya ta gaske ba su san ina ne hagu ina ne dama ba. Abin yana ci mini rai, domin duk Babbar Sallah ana buɗe dabba mai shayarwa, sabuwa fil, a tsakar gidajenmu, cikin awa guda a gama da ita babu wanda ya tsaya ya kalla. Kusan duk abin da ɗalibin Amurka zai gani a tayin alade yana cikin rago ko bunsuru, ga shi da girma, ga launinsa na asali da magani bai kashe ba. Ga yadda nake yi da yaran gida da na maƙwabta.

Shiri tun jajibere

Fara da mai fiɗa, domin shi ne zai iya ɓata maka komai ba da nufi ba. Mahauci ranar Sallah yana da gidaje goma da ke jiransa, hannunsa ya saba da sauri. Ka same shi tun jajibere ka gaya masa buƙata uku: idan ya tsaga ciki ya dakata minti biyar kafin ya zubo kayan, ya ciro maƙogwaro da huhu da zuciya a haɗe ba tare da ya yanka su ba, kuma ya bar wa zuciya jijiyoyinta da ɗan tsawo. Ka ƙara masa wani abu a kan ladansa, lokacinsa ka ci.

Kayan aiki duk na gida ne: manyan tire biyu ko uku, wuƙa mai kaifi, sabuwar reza, almakashi, zare mai ƙwari, tef ɗin tela, famfon keke, bokitin ruwa, sabulu, da safar hannu ta roba daga kemis. Ka nemi inuwa. Nama ba ya jira a zafinmu, saboda haka duk abin da za a ci ka gama da shi cikin awa ɗaya ka miƙa wa masu suya.

Maganar lafiya ba ta wasa ba ce. Dabbar da ta mutu da kanta ba a buɗe ta ko don karatu, musamman idan jini na fita ta hanci ko dubura, domin wannan na cikin alamun cutar antaras, wadda aka tabbatar da ɓullarta a wata gona a Suleja a watan Yulin 2023. Mai rauni a hannu ya kalla kawai. Kaska kuma kada a murtsuke ta da yatsa.

Rago yana tsaye

Darasi yana farawa tun ragon na ɗaure. Ka sa yaro ya dunƙule hannu ya danna a lotsawar kwiɓin hagu, bayan haƙarƙari na ƙarshe, ya yi shiru. Zai ji wani abu ya taso ya ture hannunsa ya koma, sau ɗaya ko biyu a minti. Tumbi ke nan yana juya abinci. Idan ragon ya kwanta yana tuƙa, ku zuba wa wuyansa ido ta hagu, za ku ga curin ciyawa yana hawowa, ya tauna, ya haɗiye, wani ya hawo.

Sai ka buɗe bakinsa. Yara kan yi mamaki su ga babu haƙoran gaba a sama, sai dasashi mai tauri kamar fata. A ƙasa akwai takwas. Da su masu kiwo ke gane shekaru: na yarinta ƙanana ne, idan biyun tsakiya suka faɗi manya suka fito rago ya kai shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, daga nan kusan kowace shekara manyan haƙora biyu na ƙaruwa har su cika takwas. Ku dubi ido ma, baƙinsa a kwance yake, ba zagayayye irin namu ba, abin da ke ba shi damar hango gefe da gefe yana kiwo.

Ƙananan yara ba dole su ga yanka ba. A kira su bayan an rataye.

Fata da nama

A nan ba a daɗewa. Nuna musu gashi, da kitsen da ke ƙarƙashin fata, da 'yan nonuwa biyu da ko rago namiji yana da su a gaban marenansa. Gashi da shayar da nono su ne suka ware wannan rukuni na dabbobi daga tsuntsu da ƙadangare da kifi, ko da yake dukansu suna da ƙashin baya.

Abu ɗaya da ya cancanci tsayawa shi ne ƙafa. Idan an cire ta daga gwiwa, ka feɗe fatar baya, za ka ga fararen igiyoyi masu sheƙi, su ne ke haɗa nama da ƙashi. Kama ɗaya ka ja, kofato zai lanƙwashe. Yaro ya ja da kansa, sannan ya dubi bayan hannunsa yana motsa yatsu. Daga ranar ya gane cewa naman da muke ci shi ne ke jan ƙashi, kuma ja kawai yake yi, ba ya turawa, shi ya sa kowace gaɓa ke da mai lanƙwasa ta da mai miƙe ta.

Buɗe ciki

Ana tsaga ciki daga mara zuwa ƙirji, a sa yatsu biyu a ciki suna ɗaga fatar ciki, wuƙa a tsakaninsu kaifinta na kallon waje, don kada a huda tumbi. Da an buɗe, a dakata. Wannan minti biyar ɗin shi ne mafi tsada a duk ranar, domin da zarar kayan ciki sun zubo a tire babu mai iya mayar da su yadda Allah ya jera su.

Abu na farko da za ku gani shi ne wani mayafin kitse mai kama da raga ya lulluɓe komai. Ɗaga shi a hankali. Tumbi ya cinye ɓangaren hagu gaba ɗaya, hanji ya taru a dama, hanta tana sama ta dama ta jingina da wani tantani. Ka sa kowane yaro ya nuna a jikinsa inda hantarsa take, ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Kafin a zubo kayan, ka ɗaure bututun abinci da zare a inda ya shiga tumbi, ka ɗaure ƙarshen hanji, don kada ƙazanta ta taɓa nama.

Bin sawun ciyawa

Hanya mafi sauƙi ita ce a bi ciyawa daga inda ta shiga har inda ta fita. A nan ne rago ya bambanta da mu, kuma a nan ne alade ya fi shi kama da mutum, domin alade da mutum ciki ɗaya gare su, rago kuwa nasa ɗaki huɗu ne.

Ka kai tumbin nesa da nama ka tsaga, ka juye, ka wanke, sannan ka shimfiɗa ɗakunan a jere. Na farko shi ne babban, cikinsa kamar tawul, yana ɗaukar abin da ya haura lita 10. Ba ragon ne ke narkar da ciyawa a nan ba, ƙananan halittu ne da ido ba ya gani suke ruɓar da ita, shi kuma ya tsotsi abin da suka fitar. Na biyu ƙarami ne mai zanen saƙar zuma, a nan abubuwa masu nauyi irin su ƙusa da waya ke maƙalewa. Na uku dunƙulalle ne, idan ka tsaga za ka ga shafi-shafi kamar littafi, aikinsa matse ruwa. Na huɗu mai santsi ne, ja-ja, shi kaɗai ke fitar da ruwan tsami mai narkar da abinci, shi ne daidai da cikinmu.

Wata shekara da muka juye tumbi sai ga curin leda ya naɗe da igiya, ya kai girman kan jariri. Wata 'yar ƙanena ta tsaya tana kallo, can ta ce, "Baba, ashe shi ya sa bai yi ƙiba ba duk dusar da muka ba shi?" Na ce mata haka ne, wurin da abinci zai zauna leda ta cinye. Ban taɓa yin wa'azin zubar da shara da ya shiga kunnen yaran nan kamar wannan curi ba.

Sai hanji. Kafin ka warware shi, ɗaga tantanin da ke riƙe da shi ka kara a rana, za ku ga jijiyoyin jini sun bazu kamar rassan bishiya. Ta nan abincin da aka tsotsa ke bi zuwa hanta. Yanzu ka raba hanjin da tantanin da yatsa, yara su riƙe su ja da baya, a auna da tef. Ƙaramin hanjin babban rago yakan wuce mita 20, na mutum kuwa wajen mita 6 ne. Ku lura da yadda abin da ke ciki yake ruwa-ruwa a farko, har ku iso inda babban hanji ya naɗe kamar faifai, inda ake tsotse ruwan, ya fara zama ƙwaya-ƙwayan kashin tumaki da kowa ya sani.

Saifa tana manne da tumbi ta hagu, launinta ja mai duhu, tana tace tsohon jini. A lanƙwasar farkon hanji akwai wani nama fari-fari, lakaf, da mutane ke ɗauka kitse ne. Shi ne ke samar da insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini. Duk gidan da ke da mai ciwon sukari, ya kamata a nuna musu shi.

Hanta da matsarmama

Hanta mai lafiya santsi gare ta, launi ɗaya, bakinta siriri. A ƙarƙashinta za ka ga 'yar jaka koriya, matsarmama. Ka ɗaure wuyanta da zare kafin ka yanke, ka ɓare ta daga hanta a hankali, domin idan ta fashe ɗacin ya shiga nama ba ya fita. Kada ka jefar tukuna. Zuba ruwa a kwalabe biyu, ka ɗiga man gyaɗa a kowace, ka tsiyaya ruwan matsarmama a ɗaya, ka girgiza duka biyun. Mai zai sake tasowa sama a ɗaya, a ɗayar kuwa ya tarwatse ya gauraya. Aikin da take yi wa kitse a hanji ke nan. Hanta ce ke yin ruwan, matsarmama ajiya kawai take, shi ya sa doki da raƙumi ke rayuwa babu ita, mutum ma akan cire masa ita a asibiti.

Tsaga hantar ta inda fararen bututu suke ka matsa. Idan wasu tsutsotsi masu faɗi kamar ganye suka fito, dabbar ta yi kiwo a fadama ta kwaso su daga ciyawar bakin ruwa, inda suke bi ta jikin katantanwa. Idan ka ga ƙullutu mai ruwa a hanta ko huhu, yanke wurin ka ƙone ko ka binne da zurfi. Kada a jefa wa kare, domin a cikinsa tsutsar ke girma, daga kashinsa kuma ta dawo kan mutane.

Ƙirji

Kafin a ciro huhu, leƙa ta cikin da aka kwashe ka dubi tantanin da ya raba ciki da ƙirji. Gefensa jan nama ne, tsakiyarsa fari. Idan ya ja ƙasa iska ta shiga, idan ya saki ta fita. Shaƙuwa ma shi ne ke zabura. Tsuntsu da ƙadangare ba su da irinsa.

Shimfiɗa maƙogwaro da huhu a tire. Yara su shafa zobban guringuntsi, su shafa nasu wuyan. Zobban ba su haɗe ta baya ba, ta nan bututun abinci ke kwance. Cusa bakin famfon keke a maƙogwaro, ka ɗaure da zare, ka buga a hankali. Kada kowa ya hura da baki. Huhun da ke yamutse zai buɗe sashe bayan sashe, ya yi fari-fari ya ninka girmansa, da ka saki ya koma da kansa. Na sha yin wannan, kuma har yau idan ya buɗe sai na ji tsigar jikina ta tashi. Sannan ka yanki ɗan huhu da 'yar hanta ka jefa a bokiti: hanta ta nutse, huhu ya taso.

Zuciya ita ce wurin da za ka zauna sosai. Tana cikin 'yar jakarta, ka tsaga ka fito da ita. Matsa gefe biyun da yatsa: mai tauri shi ne hagu, mai laushi dama, tsinin ƙasa kuma na hagu ne. A sama akwai bututu iri biyu. Masu kauri, farare, da ke tsaye a buɗe ko babu jini, su ne masu fitar da jini daga zuciya. Masu laushi da ke lanƙwashewa su ne masu dawo da shi. Ka ja babbar mai kauri ka saki, za ta koma kamar roba. Wannan miƙewa da komawa su ne bugun da ake ji a wuyan hannu.

Zuciya ɗaki huɗu ce, biyu a sama biyu a ƙasa. Kafin ka yanka, zuba ruwa ta ɗakin sama na dama, ka toshe, ka matsa ƙasa. Ruwan zai fito ta bututun da ke zuwa huhu, ba zai koma ta inda ya shigo ba. Tambayi yara me ya hana shi. Bar su su yi ta hasashe, sannan ka tsaga dama daga sama zuwa ƙasa. Za su ga wasu ƙyamare sirara kamar takarda, an ɗaure su da fararen zaruruwa a jikin bango don kada su kife baya. Tsaga hagu haka nan, ka sa tef a kan bangon ɗakunan ƙasa biyu. Na hagu ya kai ninki biyu zuwa uku na dama, domin dama huhu kawai take tura wa jini, ga shi nan kusa, hagu kuwa sai ta kai shi har kofato da kai.

Yanzu ka ba yaro tsinken tsintsiya mai tsabta ka ce ya nemo ƙofa a bangon da ya raba hagu da dama. Ba zai samu ba. Jalinus, likitan da ya rayu a daular Rum a ƙarni na 2 na miladiyya, wanda birai da aladu ya fi feɗewa, ya koyar da cewa akwai ƙananan huda a wannan bango, aka yi ta maimaitawa fiye da shekara dubu. Ibn Nafis, likitan Dimashƙa da ya yi aiki a Alƙahira ya rasu a 1288, shi ya ce babu wata huda, jini daga dama sai ya bi ta huhu kafin ya isa hagu. William Harvey na Ingila ya bayyana cikakken zagayen jini a 1628. Yaron da ke riƙe da tsinke yana tabbatar da maganar Ibn Nafis da hannunsa.

Ƙoda da ƙashi

Ƙoda biyu suna manne da baya cikin farin kitse. Na rago da akuya sumul suke kamar ƙwayar wake, irin namu, na saniya kuwa guda-guda ne. Tsaga ɗaya a tsaye: gefen waje shi ne matata, tsakiya na tattarawa, farin ramin ciki kuma daga nan siririn bututu ke sauka zuwa mafitsara. Ƙodojin mutum na tace wajen lita 180 na ruwan jini a yini, su mayar da kusan duka, abin da ke fita fitsari bai fi lita ɗaya zuwa biyu ba.

Idan aka raba gangar jiki biyu, ku ƙirga haƙarƙari: 13 a kowane gefe, mu 12. Ƙasusuwan wuya 7 ne, haka na mutum, haka na ɓera, haka na raƙumin dawa duk tsawon wuyansa. A cikin ramin ƙashin baya ga laka nan fara, wadda ta taho daga ƙwaƙwalwa. Buɗe gwiwa ɗaya su taɓa santsin guringuntsi da ruwa mai yauƙi da ke hana ƙashi cin ƙashi.

Ido, kafin a babbake kai

Wannan na bari ƙarshe saboda babu mai jiran ido a tukunya. Ciro ɗaya da almakashi, ka bar 'yar farar igiyar da ke bayansa, ita ke kai saƙo ƙwaƙwalwa. Fatarsa na da tauri fiye da yadda ake zato, sai ka fara tsaga da reza a gefe, sannan ka zagaye da almakashi ka raba gaba da baya. Wani ruwa mai kauri kamar farin ƙwai zai zubo. A bangon baya akwai wuri mai sheƙi, shuɗi-kore, shi ne ke sa idon dabba walƙiya idan fitila ta haske ta da dare, mu ba mu da shi. A ɓangaren gaba za ka sami wata ƙwaya garai-garai, ba ta fi ƙwayar gurjiya ba. Ɗauko ta da gefen cokali, ka ɗora a kan rubutun tsohuwar jarida, ka kira mafi ƙanƙanta a cikin yaran ya sunkuya ya karanta harafin da ya kumbura a ƙarƙashinta.